Gudan Jini a Huhu Bayan Mura Mai Tsanani: Darasin Korona ga Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda cututtukan numfashi da ƙwayar bairas ke haddasawa, musamman korona da mura mai tsanani, suke sa jini ya daskare ya toshe jijiyoyin huhu. Ta bi abin da likitoci suka gano a ƙasashe daban-daban, sannan ta auna shi da halin da ake ciki a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina. Matsayarta ita ce ƙarancin labarin wannan ciwo a yankin ya samo asali ne daga rashin nemansa, kuma yawancin abin da zai ceci rai ana iya fara shi a asibitin gari kafin a kai ga na'urar CT.

Gabatarwa

Ranar 7 ga Afrilu 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa gwaji ya tabbatar korona ce ta kama wani likita da ya rasu a Daura. Shi ne na farko a Jihar Katsina, kusan mako shida bayan ɗan Italiyan da aka fara samu da cutar a Legas. Aka kulle Daura. Kafin watan ya ƙare dokar kulle ta iso Dutsin-Ma ita ma, bayan an samu mai ɗauke da cutar a ƙaramar hukumar. Kasuwa ta tsaya, tashar mota ta yi tsit, ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kuwa tuni sun watse. Cikin wannan hali azumi ya kama, ranar 24 ga wata, ana tsakiyar zafin bazara.

A daidai lokacin ne masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Aka yi ta musu: wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu hawan jini da ciwon suga, wasu sanƙarau. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa kwamitin da aka tura ya ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na waɗannan mace-mace mai yiwuwa korona ce sila. Ta hanyar tambayar iyalai aka kai ga wannan adadi, domin an riga an yi wa mamatan sutura. A ƙasar Hausa wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar yana makwancinsa, kuma haka addini ya koyar. Sai dai likita ba ya samun damar sanin abin da ya tsayar da numfashin.

A birnin Hamburg na Jamus an sami wannan dama, domin can an riƙa binciken gawar waɗanda korona ta kashe. Rahoton da ya fito a watan Mayun 2020 a kan mutum 12 na farko ya girgiza likitoci: bakwai daga cikinsu suna da gudan jini a jijiyoyin cikin ƙafa, kuma babu wanda aka yi wa zaton haka yana raye. Huɗu kuwa gudan jinin da ya toshe huhu ne ya kashe su kai tsaye. Idan haka ta faru a inda ake da kowace irin na'ura, me ya faru, kuma me ke faruwa duk hunturu, a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu?

Yadda gudan jini ke isa huhu

Daskarewar jini rahama ce. Ba don ita ba, yankan aska kaɗai ya isa ya ƙarar da jinin mutum. Matsala tana zuwa ne idan jinin ya daskare a cikin jijiya inda ya kamata ya yi ta gudu. A tsakiyar ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya nuna cewa gudan jinin da ake tsinta a huhun mamaci galibi daga nesa ya taso. A jijiyoyin cikin ƙafa ko ƙugu yake haɗuwa, ya ɓalle, ya bi jini zuwa sashen dama na zuciya, zuciya ta tura shi huhu, inda jijiyoyi ke rarrabuwa suna ƙanƙancewa har ya maƙale. Dalilai uku ake jinginawa ga sunan Virchow: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya sami rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa.

Mura mai tsanani tana tara ukun nan a jiki ɗaya. Mara lafiya yana kwance kwana da kwanaki, naman ƙafarsa da ke matse jini ya koma sama ya daina aiki. Zazzaɓi da gumi da rashin cin abinci sun rage masa ruwan jiki. Garkuwar jikinsa kuma, garin yaƙi da ƙwayar cutar, tana zubo sinadaran da ke kumbura bangon jijiyoyi, su kuma tayar da ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini. Shi ya sa a korona aka ga nau'i biyu: babban guda da ya taso daga ƙafa, da ƙananan gudaje masu ɗimbin yawa da suka haɗu a cikin siraran jijiyoyin huhun kansa.

Duk jinin jiki, wajen lita biyar a kowane minti ga baligi yana hutawa, sai ya ratsa huhu kafin ya koma gaɓoɓi. Mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe ya san bambancin toshewar ƙaramar kwata da toshewar babban tiyo: ta farko kwami ɗaya ne zai bushe, ta biyu kuwa injin ban-ruwan ne zai yi gurnani ya mutu. Haka sashen dama na zuciya yake. Bangonsa siriri ne, bai saba tura jini da ƙarfi ba, kuma idan babban guda ya tare masa hanya yakan gaza cikin mintuna.

Abin da aka gano

Korona ba ita ta fara wannan ba. A 2006 mujallar Lancet ta buga wani bincike daga bayanan likitocin unguwa a Birtaniya, wanda ya nuna haɗarin gudan jini a ƙafa yana kusan ninkawa a makonni biyu na farko bayan ciwon numfashi. Masu binciken sun ce ba za su iya ba da adadi tabbatacce a kan gudan jinin huhu ba, saboda sau da yawa shi kansa ake fara ɗauka a matsayin ciwon ƙirji. Wannan jimla tasu ta cancanci a tsaya a kanta: ko a Birtaniya ana ruɗa abubuwan biyu.

A watan Yulin 2009, lokacin annobar murar H1N1, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton majinyata goma da ke ɗakin kulawa ta musamman a jihar Mishigan. Tara daga cikinsu masu ƙiba ne, biyar kuma an same su da gudan jini a huhu.

Da korona ta zo sai abin ya fito fili. Likitocin Wuhan ne suka fara lura cewa majinyatan da gwajin D-dimer ɗinsu ya yi sama, wato gwajin da ke nuna ɓurɓushin gudan jini, su suka fi mutuwa. A watan Afrilun 2020 asibitoci uku a Holan suka ba da labarin majinyata 184 da ke ɗakin kulawa ta musamman: kashi 31 cikin 100 sun gamu da toshewar jijiya, mafi yawa a huhu, alhali dukansu ana yi musu allurar kariya. Wata guda bayan haka wasu masana suka kwatanta huhun mutum bakwai da korona ta kashe da na mutum bakwai da murar H1N1 ta kashe, suka tarar ƙananan gudajen sun ninka sau tara a huhun masu korona.

Binciken da ya fi shafar yankinmu shi ne na Suwidin, wanda mujallar BMJ ta buga a Afrilun 2022, domin ya haɗa da waɗanda suka yi jinya a gida. An bi mutum fiye da miliyan ɗaya da suka kamu da korona. A kwana 30 na farko haɗarin gudan jini a huhu ya ninka kusan sau 33 idan aka kwatanta da waɗanda ba su kamu ba, kuma bai koma daidai ba sai wajen wata shida. Adalci ne a faɗi ɗaya gefen: waɗanda abin ya sama ba su kai biyu cikin dubu ba, kuma ya fi yawa ga masu ciwo mai tsanani. Ba kowane mai mura ne ke cikin haɗari ba. Amma wanda mura ta kwantar da shi sosai, haɗarinsa bai tafi tare da zazzaɓin ba.

Ciwon Turawa ne?

An daɗe ana koyar da cewa wannan ciwo ba ya kama baƙar fata sosai. Likita Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, ya rubuta a 1972 cewa gudan jini a ƙafa ba kasafai ake ganinsa a karkarar Afirka ba, ya kuma danganta hakan da irin abincin da ake ci. Maganar ta zauna a kawunan ɗaliban likitanci tsawon shekaru. Amma a Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda ake binciken gawa, an yi ta tsintar gudan jini a huhun mamata, kuma a Amurka alƙaluma sun nuna baƙaƙen fata sun fi farare kamuwa da shi. Mai wannan takarda na ganin tsohuwar koyarwar ta yi ɓarna, domin likitan da aka gaya wa abu babu shi a garinsa ba zai neme shi ba.

Yankin Katsina ma yana da nasa ƙarin dalilai. Na farko sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da rabin gadonta, wato AS, kuma bincike a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna masu wannan gado haɗarinsu na gudan jini a huhu ya kusa ninki biyu. Mai cikakkiyar sikila kuwa nasa ya fi haka, ga shi ciwon ƙirjin da ke taso masa bayan mura yana kama da wannan ƙwarai.

Na biyu jego. Makonni shida na farko bayan haihuwa su ne lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa, domin jiki ya shirya wa zubar jini. Wannan lokaci ya yi daidai da kwana arba'in ɗin da maijego ke yi a ɗaki, ana wankan ruwan zafi safe da yamma, ana shan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka ba da rahoton yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, ko da yake binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna dalilansa sun wuce wanka da kanwa. Zuciyar da ta raunana ita ma tana haɗa gudan jini. Maijegon da mura ta kama a hunturu, ta ƙara kwanciya a kan kwanciyar da take yi, tana cikin waɗanda suka fi buƙatar a sa musu ido, kuma ita ce aka fi cewa gajiyar haihuwa ce ke damunta.

Sai doguwar tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye a jirgi ko mota yana ninka haɗarin gudan jini. Falken da ya kwana a takure cikin mota daga Legas ko Fatakwal, da alhajin da ya dawo daga Saudiyya da tarin da aka saba dawowa da shi, kowannensu ya haɗa zama da ciwon numfashi a mako ɗaya.

Yadda yake ɓuya

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara hamsin da wani abu a wani ƙauyen Kurfi. Misali ne kawai, amma ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a karkara zai gane shi. Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, mura ta kama shi da zazzaɓi mai zafi. Ya yi mako guda a ɗaki kusa da kaskon wuta, mai kemis ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na ciwon jiki. Zazzaɓi ya sauka. Masu zuwa dubiya suka ce jiki alhamdu lillahi.

Bayan 'yan kwanaki ya tashi zuwa masallacin ƙofar gida, sai ya ji haki kamar wanda ya hau dutse. Ƙafar hagu ta yi masa nauyi, sha-raɓarsa tana ciwo idan ya taka. Uwargida ta shafa man zafi ta yi masa tausa. Washegari ƙirji ya fara sukarsa duk lokacin da ya ja numfashi, ya yi tari ya ga ɗigon jini. Aka ce sanyi ne ya shiga haƙarƙari, aka koma kemis aka yi allurar limoniya. Wani ya ce a kai majina a gwada tarin fuka. Kafin sakamako ya fito ya miƙe zai zaga bayan gida, ya yanke jiki ya faɗi. A wurin zaman makoki za a ce hawan jini ne, ko a ce ai ya warke, kwana ne ya ƙare.

Ajali gaskiya ne, neman magani kuma umarni ne. A cikin wannan labari an sami aƙalla kwana biyu da za a iya yin wani abu. Kowace alama ta sami fassarar da aka saba da ita: haki ya zama rashin ƙarfin bayan ciwo, suka ta zama limoniya, jini ya zama tarin fuka, kumburi ya zama sanyin ƙashi. Ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Tausar da aka yi da kyakkyawar niyya tana iya ɓalle gudan daga inda ya maƙale. Ƙaho da tsagar wanzami kuwa jinin fata suke fitarwa. Gudan yana can cikin zurfin nama inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma idan daga baya aka fara maganin tsinka jini, wuraren tsagar suna iya ƙin tsayawa.

Abin da hannu da ido ke iya ganewa

Gwajin da ke tabbatar da gudan jini a huhu shi ne hoton CT da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa a jijiya. Na'ura ce ta manyan asibitocin birni, kuma majinyaci daga wannan yanki sai an nufi Katsina ko Kano da shi, wajen Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Malam Aminu Kano. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne, tafiyar da ba ta da yawa da rana ga mai kuɗin mota. Da dare kuwa, a shekarun nan na 'yan bindiga, mutanen ƙauye sun san abin da fita ke nufi. A Satumbar 2021 ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, ta yadda ko kiran mai mota ya gagara. Tsarin da ya dogara ga CT kaɗai ba tsarin wannan yanki ba ne.

Abin da ke hannu shi ne tambaya da dubawa. Likitan Kanada Philip Wells da abokan aikinsa sun tsara ma'aunin zato tun ƙarshen shekarun 1990, kuma babu abin da ke cikinsa da ke buƙatar wutar lantarki: alamun gudan jini a ƙafa, bugun zuciya fiye da 100 a minti, kwanciyar kwana uku ko fiye ko tiyata cikin wata guda, taɓa yin irin ciwon a baya, tarin jini, ciwon daji, da kuma rashin wani dalilin da ya fi wannan dacewa. Tambaya ɗaya tana buɗe ƙofa: "Baba, hakin nan a hankali ya zo, ko farat ɗaya?" Sai ta biyu: "Baba, a ɗan ɗaga wandon mu ga ƙafafun duka biyu." Ana sa tef ɗin tela a auna kaurin sha-raɓa santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke gindin gwiwa, dama da hagu. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin lura ne. Ga mata, ƙafa tana ƙarƙashin zane da hijabi, kuma kunya takan hana a duba, don haka aikin ma'aikaciya mace ne ta ce, "Hajiya, mu shiga ciki in duba ƙafar."

Akwai wata alama da tsofaffin likitoci ke koya wa ƙanana: majinyaci yana haki sosai, amma an saurari ƙirjinsa ba a ji komai ba, hoton ƙirji kuma ya fito fes. Wannan rashin daidaito kansa shaida ne.

Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana iya ƙarin aiki idan tana da kan da ya dace. Ana ɗora kan a matsematsi da kuma bayan gwiwa, a danna. Lafiyayyar jijiya takan lotse ta rufe, mai gudan jini a ciki kuwa takan tsaya a buɗe. Horon da wannan ke buƙata gajere ne, kuma idan aka ga guda a ƙafar mai haki, an sami hujjar fara magani. D-dimer kuwa amfaninsa kaɗan ne a nan, domin zazzaɓin cizon sauro da juna biyu da sikila da murar kanta duk suna ɗaga shi.

Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ya kamata a same ta a kowane ɗakin shan magani, amma da gargaɗi. Wani bincike daga Jami'ar Mishigan a Disambar 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata. Lalle mai duhu a yatsa da sanyin hannu ma suna iya ruɗa ta. Idan na'ura ta ce lafiya lau amma majinyaci ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya numfasa, majinyacin za a gaskata.

A nan Jami'ar Tarayya da manyan asibitocin garuruwan biyu suna da aikin da za su iya haɗa hannu a kai. Rajista ce mai sauƙi: duk baligin da ya dawo da sabon haki cikin wata uku bayan mura mai tsanani, a rubuta bugun zuciyarsa, awon ƙafafunsa da yadda ya ƙare. Hunturu biyu ko uku sun isa a sami alƙaluman gida, waɗanda za a iya ɗauka a kai wa ma'aikatar lafiya idan ana neman magani da horo.

Magani da iyakarsa

A 1960 likitoci Barritt da Jordan a birnin Bristol na Ingila suka raba majinyata 35 gida biyu. Cikin 19 da ba a ba maganin tsinka jini ba, biyar gudan jini ya kashe su. Cikin 16 da aka ba, babu wanda ya kashe. Tun daga nan ba a sake yarda a bar mai wannan ciwo ba magani ba. Maganin ba ya narkar da gudan; hana shi girma yake yi, ya hana wani sabo, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. Ƙa'idar likitocin zuciya ta yau ita ce idan zato ya yi ƙarfi, kuma babu haɗarin zubar jini, a fara allurar hefarin, irin su Clexane, tun kafin hoto ya tabbatar. Ga Kurfi da Dutsin-Ma ma'anar wannan a fili take: allurar farko a asibitin gari za a yi ta, sannan a hau mota.

Amma makami ne mai kaifi biyu, kuma hukuncin likita ne. Mai gyambon ciki da ke zubar da jini, wadda ba ta daɗe da zubar jinin haihuwa ba, wanda ƙodarsa ta gaza, da wanda ake zargin zazzaɓin Lassa ne ke damunsa, kowannensu sai an auna. Magungunan ciwon jiki da ake sha barkatai suna ƙara haɗarin. Manyan gwaje-gwajen 2021 sun nuna cikakken ma'aunin hefarin ya taimaki masu korona da ke kwance a asibiti waɗanda ciwonsu bai kai matuƙa ba, amma bai taimaki waɗanda suka riga suka galabaita ba. Asfirin, wanda aka yi ta yaɗa labarinsa a WhatsApp, an gwada shi a kan majinyata kusan 15,000 a Birtaniya, bai rage mace-mace ba. Mai mura a gida abin da yake buƙata shi ne ya riƙa tashi yana takawa ko da zuwa tsakar gida ne, ya riƙa motsa idon sawu idan yana kwance, ya sha ruwa sosai, ya kuma karɓi rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya a kan azumi.

Akwai tambayar da Musulmi mai lura zai yi, gara a amsa ta a fili. Yawancin hefarin daga hanjin alade ake tace shi. Malamai da dama sun halatta irin wannan bisa larura idan rai na cikin haɗari kuma babu madadi a kusa. Ƙwayoyin sha irin su wafarin da Xarelto kuwa sinadarinsu haɗa shi ake yi a masana'anta. Ya fi kyau likitoci su zauna da malaman gari a kan wannan tun da sauran lokaci, kada jita-jita ta riga su. An ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin korona: da labari ya zo daga Turai a 2021 cewa allurar AstraZeneca tana haddasa wani irin gudan jini da ba safai ake gani ba, mutane da yawa suka ja da baya. Labarin gaskiya ne, amma binciken da aka yi a kan mutum miliyan 29 a Ingila ya nuna haɗarin gudan jini daga cutar kanta ya fi na allurar nesa ba kusa ba.

Bayan sallama daga asibiti da sauran aiki. Magani aƙalla wata uku ne, kuma da yawa sukan daina da zarar haki ya lafa ko kuɗi ya ƙare. Wafarin ya fi araha, amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ganyaye irin su zogale da alayyahu suna rage masa ƙarfi. Ba a hana majinyaci miyarsa, ana dai roƙonsa kada ya ci da yawa yau ya daina gobe. Ba a ba mai juna biyu wafarin, amma mai shayarwa tana iya sha. Wanda ke shan maganin tarin fuka dole ya faɗa, domin rifamfisin da ke cikinsa yana karya ƙarfin wafarin da na irin su Xarelto gaba ɗaya, sai a canza tsari. Wanda kuma hakinsa ya ƙi tafiya bayan wata uku na magani, a tura shi Katsina ko Kano likitan zuciya ya yi masa sikanin zuciya, domin a jikin wasu kaɗan gudan ba ya narkewa, yakan zama tabo ya riƙa matsa wa sashen dama na zuciya.